Yadda zaka yi tafiya da karenka zuwa ƙaramin gari a cikin hamada

Abu na farko da nake so ka sa a ranka tun kafin ka fara haɗa kaya shi ne, a ƙaramin garin hamada taimako yana da nisa. Irin garin nan mai titi ɗaya ko biyu, gidan mai ɗaya, ƙila da ɗan asibitin mutane, likitan dabbobi kuwa in ma akwai shi to zaka tarar ya fi sabawa da manyan dabbobin kiwo, ko kuma sai ka yi tuƙin awa uku huɗu kafin ka kai inda zasu iya yi wa kare ƙarin ruwa ta jijiya. Shi kuma zafi baya jiran awa uku. Kare yana iya tashi daga lafiya lau ya shiga halin rai kwakwai mutu kwakwai cikin abin da bai kai rabin awa ba, dan haka a wannan tafiyar kai ne mai ba shi taimakon farko, kuma yawancin aikin a gida ake gama shi tun ba a tayar da mota ba.

Mu fara da jikin karen, saboda in baka gane yadda yake fitar da zafi ba sauran bayanan zaka ga kamar tsanani ne kawai nake yi. Mutum gumi yake yi ta ko'ina, iska ta busar da gumin jiki ya huce. Kare ba haka yake ba, ɗan gumin da yake yi a tafin ƙafa ne kuma bai taka kara ya karya ba, hanyarsa ta gaskiya ita ce haki, ya zaro harshe ya dinga jan iska da sauri da sauri, danshin harshe da hanci da maƙogwaro ya bi iska ya tafi da zafin. Busasshiyar iskar hamada tana taimaka wa wannan aikin, amma fa da ruwan jikinsa yake biya, duk hakin da ya yi ruwa ne ke fita. Zafin jikin lafiyayyen kare yana tsakanin digiri 38 zuwa 39 da ɗan ɗoriya a ma'aunin Selshiyos, in ya kai 41 an shiga haɗari sosai, ƙoda da hanta da hanji da ƙwaƙwalwa sun fara taɓuwa, jini ma yana iya daina daskarewa yadda ya kamata. Kaga tsakanin lafiya da haɗari digiri biyu ne kacal, a wajen da iskar da yake shaƙa da rana tsaka ita kanta tana iya haura 40.

Kuma abin da ya fi tayar min da hankali game da kare shi ne baya nuna ya gaji sai abin ya yi nisa. In kana tafiya zai bi ka, in ka jefa masa ƙwallo zai ruga ya ɗauko ya dawo ya sake jiran ka jefa, saboda yana son ka kuma ya yarda da kai, har sai ƙafafunsa sun kasa ɗaukarsa. Wani bincike da aka yi a Birtaniya aka fitar a 2020, ƙasar da ma ba wani zafi gare ta ba, ya nuna kusan kashi uku cikin huɗu na karnukan da zafi ya kayar motsa jiki ne ya jawo musu, yawo da gudu da wasa. Toh in haka ne a ƙasar ruwan sama da sanyi, ina ga hamada.

Sai ka tambayi kanka tsakani da Allah ko wannan karen naka ya dace da tafiyar. Karnukan da asalinsu na hamada ne irin su azawak na yankin Sahel da saluki na Gabas ta Tsakiya, ka duba ƙirarsu, dogayen ƙafafu, siririn jiki, dogon hanci, ba kitse. Akasinsu su ne masu gajeren hanci da murtukakkiyar fuska irin buldog da fug da bokza, hanyar iskarsu a matse take tun haihuwa, hakin ma da ƙyar suke yinsa, su ne zafi ke fara kayarwa. Haka kare mai ƙiba, da tsohon kare, da ɗan kwikwiyo, da karya mai ciki, da mai ciwon zuciya ko tari. In karenka yana cikin waɗannan kuma lokacin zafi ne, gaskiya ra'ayina ka bar shi gida wajen wanda ka yarda da shi, da muguwar rawa gara ƙin tashi. In kuma mai gashi ne sosai irin haski ko jaman shefad, kar ka ce zaka aske shi ƙwal dan ya ji sanyi, gashin nan yana tare masa rana, in ka kwashe shi fatar ce zata ƙone. Ka taje shi sosai dai ka fitar da matattun gashin da ke cushe a ƙasa iska ta samu hanyar shiga.

Wajen likita kafin tafiya

Ka je da wuri, kamar wata ɗaya kafin ranar tafiya, ba ana jibi zaka tafi ba. Rigakafin ciwon haukan kare shi ne kan gaba, ana fara yinsa tun kwikwiyo yana da sati 12, kuma in zaka tsallaka iyakar ƙasa da yawa daga cikin ƙasashe sai an cika kwana 21 da allurar farko suke yarda kare ya shiga, wasu ma har gwajin jini suke nema wanda jiransa kan ɗauki watanni, dan haka ka binciki dokar ƙasar da zaka shiga da ta ƙasar da zaka dawo, duka biyun. Sai rigakafin parbo, cutar nan ta amai da gudawar jini, ƙwayarta tana daɗewa a ƙasa watanni tana nan da ranta, kuma a garin da karnuka ke yawo sakaka ba wanda zai ce maka ga wajen da mara lafiya ya yi kashi. Katin rigakafin ka riƙe na takarda, ka kuma ɗauki hotonsa a waya.

Mutane da yawa suna ɗauka tunda waje a bushe yake ba kaska. Akwai ta. Jar kaskar kare tana jure zafi da fari, tana ɓuya a tsagar bango da ƙarƙashin kaya a inda karnuka ke kwana, kuma tana sa wa kare cututtukan jini masu kawo zazzaɓi da rashin jini da haɓo. Sannan a wurare da dama na busassun ƙasashe akwai wani ɗan mitsitsin ƙuda mai cizo daga faɗuwar rana zuwa asuba, shi ke yaɗa cutar lishmaniya, cutar da kan kwanta a jikin kare watanni ko fiye kafin ta fito da zubar gashi da gyambo da rama da ciwon ƙoda. Ka tambayi likita maganin kaska mai daɗewa a jiki, da abin wuya mai sinadarin deltametirin ko maganin ɗigawa mai fametirin masu korar wannan ƙudan, a sa masa da kwanaki kafin tafiya ya fara aiki. In kana da kyanwa a gida ka faɗa wa likitan, fametirin guba ce ga kyanwa.

A sa masa maikurocif in bashi da shi, ɗan mitsitsin abu ne da ake sawa ƙarƙashin fata mai ɗauke da lambar shaida mai alƙaluma 15 da ake gane mai karen da ita, amma ka sani baya nuna inda kare yake, sai an kama shi an kai inda ke da na'urar karantawa, wanda a ƙaramin gari da wuya a samu. Abin da zai fi yi maka amfani a can shi ne lambar wayarka a rubuce ɓaro-ɓaro a jikin abin wuyansa. In karenka mai amai ne a mota akwai maganin da likita ke bayarwa na hana amai, wannan ba laifi. Wanda bana so shi ne maganin sa barci irin asifuromazin, yana saukar da bugun jini kuma yana rage wa jiki ikon daidaita zafinsa, wato daidai abin da kake buƙata ya yi aiki a hamada shi zaka kashe.

Kafin ka bar gida ka nemo asibitin dabbobi mafi kusa da garin da zaka, ka kira su da bakinka, ka tambaya ko suna duba karnuka, ko suna buɗewa da dare, ko suna da maganin dafin maciji a ajiye. Ka rubuta lambar da kwatancen a takarda ka sa a mota, ka sauke taswirar hanyar a waya yadda zata buɗe ko ba intanet, saboda netwok a irin wannan hanyar yanzu akwai anjima babu.

Ruwa

A rana ta yau da kullum kare yana buƙatar kamar mililita 50 zuwa 60 na ruwa kan kowane kilo na nauyinsa, wato mai kilo 20 zai sha lita ɗaya da ɗan wani abu. A hamada ka ninka wannan sau biyu ko uku, sannan ka ƙara na kwana biyu a kai saboda lalacewar mota ko rufewar hanya. Wannan na sha ne kawai fa. Ka ware wata jarkar daban, lita 20 in motarka zata ɗauka, wadda ba a sha ba a wanke hannu da ita ba a zuba wa mota, ita ta jiƙa kare ce ranar da zafi ya kama shi. Mutane suna lissafin ruwan sha su manta da wannan, alhali ita ce zata iya tsayawa tsakaninsa da mutuwa. Kuma ka ajiye ta a inda rana bata dukanta, ruwan da ya wuni a rana a cikin roba ya zama ruwan zafi ba zai sanyaya komai ba.

Ka dinga ba shi kaɗan kaɗan akai akai, kar ka jira sai ya galabaita sannan ka ajiye masa cikakken bokiti ya kwankwaɗe lokaci ɗaya, zai iya amayar da shi, manyan karnuka masu zurfin ƙirji kuma akwai tsoron kumburin ciki. Wasu karnukan in sun je baƙon waje sai su ƙi shan ruwa saboda ɗanɗanonsa ya canza, ruwan rijiyoyin hamada da yawa yana da gishiri gishiri, shi yasa yana da kyau ka taho da wanda ya saba da shi ka dinga gauraya masa da na can sannu a hankali. In har yanzu yana ƙi ka zuba ruwa a cikin abincinsa. Abincin ma wanda ya saba ci zaka ɗauko ya ishe shi har dawowa, canza abinci farat ɗaya gudawa yake kawowa, gudawa kuma a hamada asarar ruwa ce. Ruwan da ya kwanta a kududdufi ko tsohon tafki musamman mai kore kore a sama kar ka bari ya kusance shi, wani gansakukan yana da gubar da ke kashe kare cikin awoyi.

Tun kana gida ka koyi duba shi lokacin da yake lafiya dan ka san yadda lafiyar take. Ka ɗaga leɓensa ka taɓa dasashi, ya kamata ka ji danshi da santsi, in ka ji yana danƙo yana kama yatsa ruwan jiki ya yi ƙasa. Ka danna dasashin da yatsa ka saki, wajen zai yi fari sannan launinsa ya dawo cikin daƙiƙa 2. Ka ja fatar bayan wuyansa ka saki, in ta koma nan take lafiya, in ta tsaya a tsaye akwai matsala. Ka sayi ma'aunin zafi na dijital ka koyi auna shi ta dubura da ɗan man shafawa, abin ba daɗi amma shi kaɗai ne zai faɗa maka gaskiyar lamba.

A cikin mota

Ka tashi da asuba ko ka yi tafiyar yamma, tsakiyar rana ta same ka a inuwa. Karen ya zauna a cikin keji mai ramukan iska ta kowane gefe wanda zai iya miƙewa ya juya ya kwanta a ciki, a ɗaure kejin kar ya dinga zamewa, ko kuma ka sa masa ɗamarar ƙirji ka haɗa da bel ɗin kujerar baya. Ka sa hannunka a daidai inda yake ka ji ko sanyin iyakwandishan yana kaiwa can, sau da yawa direba yana jin sanyi a gaba shi kuma na baya rana na dukansa ta gilas, kaya kuma sun tare masa iska. Rufaffen but ba wajen kare bane, bayan a-kori-kura ma haka, ƙarfen yana ƙona ƙafa ga ƙura ga haɗarin faɗowa. Kar ka bari ya leƙo da kai ta taga, yashi da tsakuwa zasu shiga ido. Abinci ka ba shi awa uku ko huɗu kafin tashi, sannan ka tsaya duk bayan kamar awa biyu ya sha ruwa ya yi fitsari, kuma ka sa masa igiya tun kafin ka buɗe ƙofa, karen da ya firgita ya ruga a fili fetal ba shinge ba alama samunsa aiki ne ja.

Maganar barin kare a mota kuwa babu ita, ko na minti biyar. Wani bincike da aka buga a mujallar likitocin yara ta Amurka a 2005 ya auna cewa zafin cikin rufaffiyar mota yana ƙaruwa da kusan digiri 22 cikin awa ɗaya, kashi 80 cikin 100 na ƙarin a rabin awar farko yake faruwa, kuma ɗan sauke gilas bai canza wani abin kirki ba. Barin inji a kunne da sanyi ma ba abin dogaro bane, inji yana mutuwa. In ku biyu ne ɗaya ya shiga ya yi sayayya ɗaya ya tsaya da shi a inuwa.

Ka ɗauki tampol da igiya da 'yan sanduna, in mota ta lalace a hanya inuwar da zaka haɗa da hannunka ita kaɗai ce inuwa, ka shimfiɗa masa wani abu a ƙasa saboda ƙasar ma zafi take fitarwa. Kuma in inji ya yi zafi ruwan lagireto ya zube, ka janye karen nesa, ruwan nan mai kala da ake zubawa a lagireto yawanci yana da sinadarin etilin gilaikol, yana da zaƙi a bakin kare, kaɗan ya isa ya lalata ƙoda, ga shi kuma yana cikin ƙishirwa zai lasa duk abin da ya gani a jiƙe.

Da kun isa

Masauki ka kira tun kafin ka zo ka tabbatar sun yarda da kare, a garin da otal ɗaya ne ko biyu in suka ce a'a ba inda zaka nufa. Ka tambaya ko wuta tana ɗaukewa, saboda ɗakin da ke da sanyi lokacin da ka fita ka kulle shi a ciki zai iya zama wani abu daban bayan awa ɗaya in wuta ta tafi, balle mai rufin kwano. Kar kuma ka ɗaure shi a gindin bishiya ko jikin bango ka tafi kana cewa ai yana inuwa, inuwa tafiya take yi, inda ke da sanyi da ƙarfe goma rana ce tsagwaronta da ƙarfe ɗaya, shi kuma igiya ta hana shi bin ta.

Jikin kare yana ɗaukar kamar sati biyu ko fiye kafin ya fara sabawa da sabon zafi, toh in kwana huɗu zaka yi ka sani har ka dawo bai saba ba. Yawo ya zama da sassafe da kuma bayan rana ta faɗi, gajere, a hankali, ba jifan ƙwallo. Kafin ya taka ƙasa ka ɗora bayan hannunka a kanta ka ƙirga daƙiƙa 7, in ka kasa jurewa shi ma dagin nasa ba zai jure ba. Kwalta da rairayi da dutse da rana tsaka suna haura digiri 60, kamar kaskon tuya suke komawa, kuma kwalta tana riƙe zafinta har bayan magariba. Takalman karnuka suna taimakawa amma ka koya masa sawa tun a gida, kuma ka cire masa in an zauna hutawa. In ka ga yana ɗingishi yana lasar ƙafa, tafin ya yi ja ko ya saluɓe, ka zuba ruwa mai sanyi na ɗan lokaci, ka wanke, ka naɗe da bandeji mara matsi, ka hana shi lasa.

Duk dawowa daga yawo ka duba tsakanin yatsunsa da hammata da cikin kunne, ƙaya da ƙarangiya da tsidau nan suke maƙalewa. Hantsaki da mataji su zauna a aljihunka. A hamadar Arizona ta Amurka da arewacin Meziko akwai wani tsiro mai ƙaya da ake kira coya wanda guntunsa ke ɓallewa ya manne a jiki, da mataji ake zura ƙarƙashinsa a fizge, in ka sa hannu kai ma ya kama ka. In yana ta girgiza kai ko atishawa ba ƙaƙƙautawa wataƙila ƙwayar ciyawa ce ta shige kunne ko hanci, kar ka zura komai, na likita ne. A can yankin kuma akwai wata cutar huhu da ƙwayarta ke zaune a cikin ƙasa, karnuka masu son tono su suka fi shaƙarta, dan haka ka hana shi haƙa rami. Tumfafiya ma ka nisanta shi da ita, farin ruwanta yana ƙona ido kuma guba ne in an ci.

In zafi ya kama shi

Alamun farko, hakin ya yi tsanani baya lafawa ko an tsaya, harshe ya fito dogo ya yi faɗi ya yi ja jawur, yawu mai kauri yana dalala, yana neman inuwa yana kwanciya yana ƙin tashi. In ya wuce nan sai tangaɗi, amai, gudawa wani lokacin da jini, ido ya juya, farfaɗiya, suma. Kar ka jira na biyun. Shawarar da kwalejin likitocin dabbobi ta masarauta da ke Landan take bayarwa ita ce a fara sanyaya kare sannan a ɗauke shi zuwa asibiti, kuma a inda asibiti ke da nisan awoyi wannan shawarar ta fi ko'ina muhimmanci.

Ka kai shi inuwa, ka ɗauko jarkar nan da ka ware, ka kwarara masa ruwa a jiki duka har ya ratsa gashi ya taɓa fata, wuya, ciki, hammata, tsakanin cinyoyi, sannan a yi ta yi masa fifita ko a kunna fanka ko sanyin mota, ruwa da iska tare su ke aikin. Duk ruwan da ya fi jikinsa sanyi ya yi, kar ka ɓata lokaci kana neman wani na musamman. Matashin kare mai ƙarfi wanda yake cikin hayyacinsa zaka iya tsoma shi a baho ka riƙe kansa a sama, tsoho ko wanda ya suma kuwa zubawa da fifita kawai. Kar ka lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tawul, tawul ɗin yana ɗumama ya riƙe zafin a jiki. In yana iya sha ka ba shi kaɗan, in baya iya sha kar ka ɗura masa, ruwan zai tafi huhu ne. Kar ka ba shi farasitamol ko ibufurofen, wannan ba zazzaɓi bane da ƙwaya zata saukar, ibufurofen ma yana ɓata ciki da ƙodar kare. Ka dinga aunawa, in ya sauko wajen 39.5 ka daina zuba ruwa kar ya zarce ƙasa, sannan ku kama hanya da iska tana kaɗa shi. Ko ya miƙe yana kaɗa wutsiya ka kai shi, ɓarnar ƙoda da ta jini kan ɓoye sai bayan kwana ɗaya ko biyu ta bayyana.

Wani abin da ke da sarƙaƙiya shi ne lokacin da ka zaɓa dan gudun zafi, wato asuba da bayan faɗuwar rana, shi ne dai lokacin da macizai da kunamu ke fitowa, su ma zafin suke gudu. Shi yasa igiya ta zama gajera, tocila a hannu, ku bi fili inda kake ganin ƙasa, kar ka bari ya cusa hanci a rami ko ƙarƙashin dutse ko tarin itace. Yawancin sara a fuska ko ƙafar gaba yake samun kare. In ya yi ƙara farat ɗaya, waje ya fara kumbura, ko jini na tsatstsafowa baya tsayawa, ka ɗauka sara ne ko baka ga macijin ba. Ka cire abin wuya in a kai ko wuya ne saboda kumburi, ka ɗauke shi kar ya taka da ƙafarsa, ka kwantar masa da hankali, ku tafi. Banda ɗaurewa, banda tsagawa, banda tsotsa, banda ƙanƙara, banda asfirin, maganin dafi a asibiti shi ne magani. In zaka iya ɗaukar hoton macijin daga nesa ba tare da ka kusance shi ba to, in ba haka ba rabu da shi. Harbin kunama yawanci zafi ne da ɗingishi, amma wasu kunamun Sahara da Gabas ta Tsakiya dafinsu mugu ne, in ka ga rawar jiki da dalala da wahalar numfashi kar ka tsaya jira. Ka dinga kakkaɓe shimfiɗarsa kafin ya kwanta.

Sai mutanen garin. Kai baƙo ne, karenka ma baƙo ne, kuma a ƙaramin gari dabbar da ka gani tana yawo dukiyar wani ce, ƙila ita ce duk abin da ya mallaka. Karen birni da bai taɓa ganin akuya ba zai bi ta da gudu da sunan wasa, akuya mai ciki da aka kora cikin zafi tana iya ɓari, jaki ko raƙumi ko doki kuma harbi ɗaya ya isa ya karya wa kare muƙamuƙi. Karnukan da ke gadin garke basa wasa da baƙon kare, ka zagaye su daga nesa. Kar ka bari ya sha ko ya shiga kwamin da dabbobin mutane ke sha, ka ɗebo ka ba shi a kwanonsa. Kashinsa ka kwashe, a busasshen waje baya ruɓewa da wuri. Ba kowa ke son kare ya matso shi ba, wani tsoro yake ji wani kawai baya so, kuma haƙƙinsa ne, ka janye igiya ka ba mutane hanya, yara in sun taru ka tsaya tsakaninsu da shi. In zaka sa masa takunkumi ka nemi mai kama da kwando wanda zai iya buɗe baki ya yi haki, na ƙyalle mai matse baki a cikin zafi haɗari ne babba.

Mushe da kayan cikin dabba da aka zubar ka hana shi ci ko ta halin ƙaƙa, ta nan kare ke ɗaukar wata tsutsar ciki da ƙwanta ke komawa ga mutum ya zama ƙullutu mai ruwa a hanta ko huhu, sannan a wasu wuraren ana sa guba a nama saboda dila da sauran namun dawa masu kama dabbobi. In baƙon kare ya cije ka ko ya ciji wani, a wanke wajen da sabulu da ruwa na minti 15 a tafi asibiti a ranar, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har kashi 99 cikin 100 na ciwon haukan kare a jikin mutane daga karnuka yake zuwa, kuma da zarar alamu sun fito kusan ba a tashi. In karenka aka ciza ka sa safar hannu ka wanke ciwon, likita zai ƙara masa allura ko da yana da rigakafi.

Dare a hamada sanyi yake yi sosai, lokacin hunturu har kusan daskarewa a wasu wuraren, ka taho masa da bargo ya kwana a ciki kusa da kai. In guguwar ƙura ta taso ku shige ɗaki ko mota, bayan ta lafa ka wanke masa ido da ruwan gishirin wanke ido na kemis. Kar ku yada zango a busasshen rafi komai kyan yashinsa, ruwan da aka yi a nesa yana iya gangarowa ba tare da ɗigo ɗaya ya sauka a kanku ba.

Bayan kun dawo gida ka bi jikinsa da hannu kaf ka nemo kaska, kunne da wuya da tsakanin yatsu, ka wanke shimfiɗarsa da kejin, ka tambayi likita maganin tsutsa in kana zargin ya ci wani abu a can. Sannan ka sa masa ido na watanni, in ya fara tari, ko rama, ko zubar gashi a zagayen ido, ko haɓo, ko kasala da ƙin abinci, ka faɗa wa likitan garin da kuka je da watan da kuka je, saboda likitan da bai saba ganin cututtukan can ba bazai yi tunanin gwada su ba sai ka ambata.